Shin *must* da *can* ne ke jawo *with* da *on* a jimlar Turanci?

Wani ɗalibi mai shirin zana jarrabawar WAEC ya ce yana yawan cin karo da jimloli irin su *This matter must be dealt with* da *He is a man you can rely on*. Yana so ya sani ko *must* da *can* ne suka jawo *with* da *on*, kuma me ya sa aka bar waɗannan ƙananan kalmomi a ƙarshen jimla ba komai a bayansu, kamar an katse wa mutum magana.

Ba su suka jawo su ba, ɗan'uwa. *With* ta *deal* ce, *on* kuma ta *rely* ce, tare suke tafe duk inda za su. Gwada ka gani: *We rely on him. We relied on him. We can rely on him. We should not rely on him.* An sauya lokaci, an sa *can*, an cire ta an sa *should*, amma *on* tana nan daram. In ka riƙe wannan, rabin ruɗanin ya kau.

Abu biyu ne suka haɗu a irin wannan jimla, kowanne da iyakar gonarsa.

Na farko su ne kalmomi tara da malaman Turanci ke kira *modal verbs*: *can, could, may, might, must, shall, should, will, would*. Aikin da "iya", "dole", "ya kamata", "mai yiwuwa" da "za" suke yi a Hausa shi suke yi. A nan zan riƙa ce musu mataimaka. Ikon mataimaki bai wuce kalma ɗaya ba, wato aikatau ɗin da ke biye da shi. Abin da yake bukata kawai shi ne aikatau ɗin ya zo tsurarsa: ba ɗafa-ƙeyar *-s*, ba *-ed*, ba *-ing*, kuma ba *to* a tsakaninsu. Shi ya sa *She can depends on us* kuskure ne, *You must to listen to him* ma kuskure ne. Daidai shi ne *She can depend on us* da *You must listen to him*.

Na biyu su ne aikatau masu tafiya da harafi, wato ƙaramar kalma irin su *with, on, to, for*, waɗanda ake kira *prepositional verbs*: *depend on, listen to, wait for, look after, deal with, account for, object to, comply with, believe in, refrain from* da ɗaruruwan irinsu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Ba wanda zai ce "na rabu shi" ko "na amince shi". "Rabu da" da "amince da" muka koya tun muna yara, ba mu taɓa tambayar dalilin "da" ɗin ba. Haka Bature ya koyi *depend on*. *On* ɗin ba ta nufin "a bisa" kamar a *on the table*, ba kuma dabarar da za ka bi ka cinko ta da hankali. Haddace ta ake yi tare da aikatau ɗinta.

Jerin kuwa ba ya sauyawa: mai aiki, mataimaki, aikatau tsurarsa, harafi, sannan karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa. *Not* tana maƙale wa mataimaki ne: *You should not wait for them.* Bayanau irin su *always, never, safely* sun fi zama tsakanin mataimaki da aikatau: *You can safely rely on her.* A tambaya mataimaki ne kaɗai ke tsallakowa gaba, kuma ba a gayyato *do*: *Should we wait for them?*

Akwai tarko guda da Hausa ke ɗana mana a nan. Muna cewa "zan iya", wato "za" da "iya" a jere, sai hannu ya rubuta *I will can*. Daidaitaccen Turanci ba ya jera mataimaka biyu. A kudancin Amurka da wasu sassan Sikotland ana jin *might could* a bakin mutane, amma karin harshe ne, ba ya shiga takardar jarrabawa. Abin da ake yi shi ne a musanya na biyun: *I will be able to pay for it*, *You may have to apply for a new card*. Shi kuwa *can be able to* da ya cika bakin mutane a Najeriya maimaici ne, kamar ka ce "zan iya iyawa".

Inda harafin ke ɓacewa, da inda ake cusa shi

Yawancin kuskuren mai Hausa ba a mataimaki yake ba, a harafin yake. Dalili kuwa shi ne aikatau da dama da ke cin karɓau kai tsaye a Hausa, a Turanci sai da ɗan rakiya. "Ka saurari malam", "zan jira ka", "dubi allo", "ka amsa wasiƙar", duk ba harafi. Sai a kwaso tsarin a ce *You should listen the teacher, I will wait you, You must reply the letter*. Daidai shi ne *listen to the teacher, wait for you, look at the board, reply to the letter*. Lura da wannan na ƙarshe: *answer the letter* ba ta son *to*, amma *reply* sai da ita, alhali ma'anarsu ɗaya.

Akasin haka ma na faruwa, har ya fi yawa a rubutun ofis. *We should discuss about it, You may request for a copy, I must emphasise on this, The team will comprise of five people.* Duk huɗun ba sa ɗaukar harafi. Tushen ruɗanin shi ne sunayen da aka ciro daga waɗannan aikatau suna ɗauka: *a discussion about, a request for, emphasis on*. Mutum ya ji *a request for leave*, wadda take daidai, sai ya ɗauka *to request for leave* ma daidai ce. Ga kuma Hausa na zuga shi da "tattauna a kan". Haka *cope up with*: babu *up* a ciki, *cope with* ce. Ga alama *keep up with* da *put up with* ne suka shafa mata.

Wani aikatau kuma harafinsa ya fi ɗaya, ma'ana na bin harafin. *You must agree with him* mutum ne ka yarda da ra'ayinsa. *Agree to the terms* sharuɗɗa ne ka amince za ka bi. *Agree on a date* ku ne kuka tsayar da rana tare. *Apply to* wurin da ka kai takarda, *apply for* abin da kake nema: *You should apply to the ministry for a permit.* Ko a nan *should* ba ta da bakin magana a zaɓin.

Harafin da ya rage a ƙarshe

Yanzu ga ainihin abin da ya dame ka. Harafi yana ragewa a ƙarshe ne idan karɓau ɗinsa ya tashi ya koma gaban jimla. Shi harafin ba ya bin sa, domin aikatau ne uban gidansa. Wuri uku aka fi ganin haka.

Na ɗaya, jimlar da ba a ambaci mai aikin ba. Hausa tana da hanya mai sauƙi, ƙaramar "a" ko "an": "dole a binciki ƙorafin". Turanci sai ya juya jimlar. Ɗauki *The committee must look into the complaint.* Ka ɗauko karɓau ka sa a gaba, *the complaint*. Ka bar mataimaki yadda yake, *must*. Ka sa *be*, ba *is* ba, ba *been* ba, tunda mataimaki tsurar aikatau yake so. Ka kawo siffa ta uku ta aikatau, wadda ake kira *past participle*, *looked*. Sannan ka bar harafin a inda yake, *into*. Ka samu *The complaint must be looked into.* Ta wannan hanya aka samu *must be dealt with* ɗinka, da *can be relied on, should be attended to, will be paid for*.

Mataki na ƙarshen nan shi ne wanda ake zubarwa, saboda kunne na jin jimlar ta riga ta cika. Amma dubi abin da ake asara. *The children should be looked after*, a kula da yaran. *The children should be looked for*, a nemo su, sun ɓata. *The children should be looked at*, a duba su, wataƙila likita. In ka rubuta *The children should be looked* ka tsaya, ba ka faɗi ko ɗaya ba. Haka *Every naira must be accounted for*. In babu *for* jimlar gurguwa ce. Sai kuma *Refuse should be disposed of*, da *f* ɗaya. *Disposed off* da ake gani a allunan sanarwa kuskuren rubutu ne.

Ba kowane aikatau ne ke yarda a juya shi haka ba. Waɗanda ke nuna hali ko mallaka, irin su *belong to* da *consist of*, ba sa juyuwa. *The farm may belong to them* haka za ta zauna.

Idan maganar ta abin da ya wuce ce, jerin na ƙara tsawo amma tsarin bai sauya ba: mataimaki, *have*, *been*, siffa ta uku, harafi. *It should have been dealt with last week*, wato ya kamata a ce an gama da shi tun makon jiya, ba a yi ba. *Have* ce kullum, ko da mai aikin *he* ne ko *it*. *Should has* da *should had* babu su. A baki ana taƙaita ta zuwa *should've*, sautinta ya yi kama da *should of*, har Turawan da kansu sukan rubuta haka bisa kuskure. Kada ka ɗauka wani harafi ne ya shigo.

Na biyu, kuma nan ne Hausa ta fi yi mana shigo-shigo, shi ne jimla mai "wanda" ko "da". Mu ba ma barin harafi shi kaɗai. Sai mun sa masa wakilin suna ya jingina: "mutumin da za ka iya dogara da shi", "kujerar da za ka zauna a kanta". Cire "shi" ɗin ka ji yadda maganar ta zama. To, Turanci akasin haka yake yi, gurbin yake bari fanko. *He is a man you can rely on him* ita ce fassarar Hausa kalma da kalma, kuma kuskure ce. *Him* ɗin ya riga ya fito a matsayin *a man*, ba a kawo shi sau biyu. Wanda kunnensa ya saba da Hausa zai ji kamar akwai giɓi bayan *on*. Giɓin nan shi ne daidai.

Siga uku ce ta halatta: *a man you can rely on*, *a man that you can rely on*, da *a man on whom you can rely*. Ta ukun ta rubutun hukuma ce. In ka zaɓi ka kai harafin gaba, abin da zai bi shi *whom* ne ga mutum, *which* ga abu. *On that* da *on who* ba sa zama a wannan gurbi. Kuma sau ɗaya ake sa shi. *The officer to whom you should speak to* kuskure ne na mai son ya burge, ya kai harafin gaba ya manta ya bar wani a baya.

Na uku, tambaya. Hausa na da "Da wa zan yi magana?" da kuma "Wa zan yi magana da shi?". Turanci na da *Who should I talk to?* da *To whom should I talk?* Ta farkon ce maganar yau da kullum. *What can we do about it?* daban ce, can *it* na nan domin *what* ba karɓau ɗin *about* ba ne. Amma *What should we look for?* da *Which form must I apply with?* gurbi fanko ne.

Za ka iya haɗuwa da malamin da zai ce haramun ne a ƙare jimla da harafi. Wannan ra'ayi tsoho ne, ana danganta farkonsa da marubucin Ingila John Dryden, wanda a 1672 ya soki marubucin wasan kwaikwayo Ben Jonson a kan haka. Ma'aunin da masu wannan ra'ayi suka ɗauka na Latin ne, harshen da ba ya barin harafi a baya. Turanci bai taɓa bin dokar ba, kuma a jimla irin *must be dealt with* babu ma inda za ka kai *with* ɗin. Haka aikatau masu kalma uku: *behaviour we cannot put up with*, *a law they should do away with*.

Wani ɗan abu game da furuci, ga mai shirin ɓangaren sauti na jarrabawa. A tsakiyar jimla *to, for, at* raunana ne, wasalinsu ya kusa ɓacewa: *wait for me* kamar "fa" gajeriya. Amma in sun rage a ƙarshe sai wasalin ya dawo cikakke: *Who should I wait for?* Ba a danna su da ƙarfi, amma ba a haɗiye su.

*To* iri biyu

Duk aikatau ɗin da ya biyo bayan harafi da *-ing* yake zuwa: *You must refrain from smoking, She may insist on paying, He should apologise for coming late.* Wannan ba wuya, sai an zo kan *to*. Akwai *to* da ke share wa aikatau hanya, kamar a *want to go*, akwai kuma *to* harafi, kamar a *object to, admit to, look forward to, resort to*. Rubutunsu ɗaya, aikinsu daban. Gwajin shi ne ka sa suna ko *it* a bayanta. *I object to it* ta zauna, saboda haka harafi ce, sai a ce *They may object to paying twice*. *I want to it* ba ta zauna ba, saboda haka *want to pay*. Da wannan gwajin za ka gane dalilin da ya sa *We will look forward to see you* kuskure ce, *to seeing you* ce.

*Ought to, have to* da *used to*, waɗanda ke aiki kusa da na mataimaka, *to* ɗinsu ta farkon ce. Shi ya sa za ka ga biyu a jimla ɗaya ba tare da matsala ba: *You ought to listen to her.* Ta farko ta *ought* ce, ta biyu ta *listen*. Sai dai ka bambanta *He used to wait for us*, da can yakan jira mu, da *He will get used to waiting*, zai saba da jira. A ta biyun *to* harafi ce.

Akwai wurin da harafin ke faɗuwa bisa ƙa'ida, wato gaban *that*. *You should insist on a receipt*, amma *You should insist that they give you a receipt*, ba *insist on that they* ba. Gaban *what, who, how, whether* kuwa yana nan: *It will depend on what he says.* Kuma bayan harafi *whether* ake sawa, ba *if* ba: *It may depend on whether it rains.* A gajeriyar amsa kuma aikatau da harafinsa tare suke tafiya su bar mataimaki: *Can we rely on him? Yes, we can.* Haka a 'yar tambayar ƙarshe, inda Hausa ke wadatuwa da "ko?", Turanci mataimakin yake maimaitawa: *We should wait for them, shouldn't we?*, ba *isn't it* ba.

Kada kuma ka haɗa waɗannan da *phrasal verbs* irin su *turn off, put on, give up*, duk da sun yi kama. Wakilin suna ne ke raba gardama. A *turn off* yana shiga tsakiya: *You must turn it off.* A *look at* ba ya shiga: *You must look at it*, ba *look it at* ba. Bayanau kuma yana iya ratsa mai harafi, *You should listen carefully to him*, amma ba ya ratsa ɗayan; ba a cewa *turn carefully off the light*.

Inda su biyun ke shafar juna

Na ce mataimaki ba ya zaɓar harafi, haka ne. Amma irin aikatau ɗin yana karkatar da ma'anar mataimaki, kuma wannan littattafan makaranta ba su cika tsayawa a kai ba. *Must* na da fuska biyu, tilas da kuma zato mai ƙarfi. In aikatau ɗin abu ne da mutum ke yi da ganganci, tilas ce ke fitowa: *You must look for the key*, dole ka nemi makullin. In hali ne da ba a yi da niyya, zato ne: *This bag must belong to Audu*, lalle jakar nan ta Audu ce. Ba wanda ke umartar jaka. Sa *be* da *-ing* ma yakan mayar da ita zato: *He must be looking for the key*, ga dukkan alamu makullin yake nema. *Must have* kuwa kusan kullum zato ne a kan abin da ya wuce: *She must have paid for it*, tabbas ta biya. In tilas ta baya kake nufi, *She had to pay for it* za ka ce. Haka *may*: *You may apply for leave* izini ne, *It may result in a fine* yiwuwa ce.

A korewa fuskokin na rabuwa, kuma kuskure a nan yana iya jawo asara. *You must not pay for it* hani ne, kada ka biya. *You need not pay for it* ko *You don't have to pay for it* sassauci ne, ba sai ka biya ba. Korewar zato kuma a Turancin Ingila *can't* ce: *It can't belong to Audu*, ba zai yiwu ta Audu ce ba.

A takardun yarjejeniya da dokoki za ka ga *shall* da wasu aikatau da ta saba tafiya da su: *shall comply with, shall abide by, shall adhere to, shall account for*. *Shall* ɗin nan ba "za" take nufi ba, wajibi take ɗorawa. Ukun farko ma'anarsu kusan ɗaya ce amma kowanne da harafinsa, kuma masu tsara tambayoyin cike gurbi na WAEC, NECO da JAMB sun san ɗalibi zai so ya ce *comply to* ko *abide with*.

Akwai 'yan wurare da Ingila da Amurka suka saɓa. Ba'amurke zai ce *You should write me* da *They may protest the decision*, mutumin Ingila ya fi cewa *write to me* da *protest against the decision*. Makarantun Najeriya da Gana tsarin Ingila suka gada, saboda haka a ɗakin jarrabawa sa *to* da *against* ɗin.